Tambayoyi da amsoshi kan kalmomi da ɗabi'un magana da suka ishi mutanen Maraɗi

Duk lokacin da aka taɓo zancen yadda ake magana yau a garin nan, ko a majalisar dattawa bayan la'asar, ko a fadar matasa ana jiran shayi na biyu, ko a zauren suna, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa. Na tattara su a nan tare da amsoshin da na gamsu da su, bayan shekarun da na yi ina sauraron bakin yara da na manya a aji, a kasuwa da kuma cikin gidana.

Waɗanne kalmomi ne aka fi kuka da su?

Na farko su ne kalmomin cike gurbi, waɗanda mai magana yake jefawa a kowace gaɓa ba tare da sun ƙara komai ba, irin su "ka gane ko", "abin nan", "wato", "kai dai bari", da takwarorinsu na Faransanci, "bon", "donk", "antuka" da "normalman". Sai rantsuwar da ta zama numfashi, sai kiran iyaye "tsoho" da "tsohuwa", sai yabon abu da kalmar sharri, sai guntulalliyar gaisuwa ta baki da ta waya, sai ashar da aka mayar da shi sallama tsakanin abokai.

Idan aka dube su da kyau, za a ga ba sabuntarsu ce take damun mutane ba, domin kowane zamani yana zuwa da nasa kalmomin. Abin da yake ciwo shi ne kowace ɗaya daga cikinsu tana rage wa magana nauyi. Rantsuwa ta daina sa a yarda, gaisuwa ta daina nuna kulawa, laƙabi ya daina nuna matsayi, har ya zama mutum ya yi magana mai tsawo amma mai sauraro ya tashi bai riƙe komai ba.

Ai kowane harshe yana aro. Me ya sa za a ga laifin wanda ya saka Faransanci cikin Hausarsa?

Gaskiya ne, kuma Hausa tana cikin harsunan da suka fi iya aro. "Littafi", "alƙalami", "lahira" da sunayen ranakun mako duk daga Larabci suka zo. "Ashana", "agogo" da "akwati" daga Yarbanci muka samo su, "takarda" kuma ta biyo ayarin Buzaye. A zamanin Nasara mu a nan muka ɗauki "lakkwal", "mushe", "jandarma" da "kamiyo" daga Faransanci, yayin da ƴan'uwanmu na Katsina, waɗanda tsakaninmu da su bai kai kilomita 100 ba, suka ɗauki nasu daga Ingilishi. Babu mai hankalin da zai ce a kori waɗannan, domin sun zo ne da abin da ba mu da shi, suka sa rigar Hausa, suka karɓi jam'inta da lanƙwasarta, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana faɗarsu ba tare da ta san baƙi ne ba.

Aron da ake kuka da shi daban ne. Shi ne wanda mutum yake da kalmar a bakinsa tun yana goye, amma ya ajiye ta ya ɗauko ta waje domin a san ya yi boko. Wanda ya ce "normalman zan zo demen" bai rasa "gobe" ba. Wanda ya buɗe kowace jimla da "bon" ya rufe ta da "wala" bai rasa "to" da "shi ke nan" ba. Irin wannan ba ya cike wani gurbi a cikin harshe, yana dai gina katanga tsakanin mai magana da wanda bai je lakkwal ba, kuma a jihar Maraɗi waɗanda ba su je ba suna da yawa ƙwarai, daga cikinsu har da iyayen mai maganar.

Ina yi wa ma'aikaci uzuri idan ya wuni yana aiki da Faransanci, harshensa ya zame ba da niyya ba. Wanda ba na yi wa uzuri shi ne wanda ya ga fuskar mai sauraronsa ta nuna bai gane ba, amma ya ci gaba.

Wane lahani ne na zahiri wannan gaurayen yake yi, ban da ɓata wa mai ji rai?

Na taɓa zama a layin wani gidan likita a garin nan, kusa da wata dattijuwa da ta zo daga ƙauye da jikarta mai zazzaɓi. Da aka miƙo mata magani, yarinyar da ke bayani ta ce da ita cikin sauri: "Inna, komprime guda maten, guda suwar, apre abinci, pandan kwana uku." Dattijuwar ta ce "to, ɗiyata, Allah shi yi albarka", ta ƙulle maganin a bakin zanenta ta fito. A bakin ƙofa ta juyo gare ni ta ce: "Malam, don Allah mi ta ce?" Kunya ce ta hana ta tambaya a ciki, kuma da ba ta samu wanda za ta tambaya a waje ba, da ta koma gida ta ba yarinyar maganin yadda ta ga dama.

Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, ta ma kira ta Inna cikin ladabi. Sabo ne ya sa ta manta cewa "safe" da "dare" da "bayan cin abinci" suna nan a Hausa, kuma ba su fi na Faransancin tsawo ba. Haka yake faruwa a wurin bayanin takin zamani da maganin ƙwari ga manomi, da wurin bayanin takardar fili, da gaban alƙali. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ya kamata duk wanda aikinsa ya haɗa shi da talakawa ya koyi faɗar aikin nasa da cikakkiyar Hausa, domin wannan ma wani ɓangare ne na ƙwarewa.

Me ya sa ake ƙyamar yawan "wallahi", alhali sunan Allah ne ake ambata?

Saboda sunan Allah ne shi ya sa ake ƙyamar. A da, idan dattijo ya ce "wallahi" a cikin taro, wurin yakan yi tsit, domin an san magana ta kai inda ba ta da gaba. Yau yaro ɗan shekara bakwai yana cewa "wallahi tallahi" a kan ƙwallon da ya fita ko bai fita ba, wani ya ƙara da "Ƙur'ani", wani da "na rantse da kabarin kakana", wanda shi ma wani laifin ne na daban, tun da ba a rantsuwa da wanin Allah.

Akwai masu cewa ai wannan lagawu ne, ba a kama mutum da shi, suna kafa hujja da aya ta 225 ta Suratul Baƙara. Ya kamata su san cewa malamai sun saɓa kan ma'anar lagawun. A mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan, lagawun rantsuwa shi ne mutum ya rantse a kan abin da ya haƙƙaƙe haka yake, daga baya ya bayyana ba haka ba ne. Ayar da ta gabace ta kuma ta hana a mayar da sunan Allah abin gittawa ga rantse-rantse, sannan aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta ce a kiyaye rantsuwa, ta kuma faɗi kaffarar wanda ya karya: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko ƴanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Abin da aka ɗora wa irin wannan fansa ba abin taunawa ba ne kamar goro.

A kasuwa aka fi ganin ɓarnar. Na je sayen turmin atamfa a babbar kasuwa, wani saurayi ya rantse mini cewa jika goma sha biyu ya saro shi, bayan ɗan ciniki ya sake rantsewa cewa sha ɗaya ne uwar kuɗinsa, daga ƙarshe ya sallama a jika goma yana cewa wallahi faɗuwa ya yi. Rantsuwa uku ke nan, kuma aƙalla ɗaya ba gaskiya ba ce. Rumfa biyu gaba da shi akwai wani dattijo da na daɗe ina saye a wurinsa, wanda iyakar abin da yake cewa shi ne "albarka" idan tayi bai kai ba, "na sallama" idan ya kai, kuma ban taɓa jin buƙatar in bincika maganarsa ba. Hadisi ingantacce ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka, kuma garin da sunansa ya tafi ko'ina saboda fatauci ya fi kowa cancantar riƙe wannan.

"In sha Allahu" fa? Shi ma ya shiga cikin abin da ake kuka da shi?

Kalmar ba ta shiga ba, yadda ake amfani da ita ne ya shiga. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi sun koyar da a faɗe ta ga abin da mutum ya ƙudurta zai yi gobe. Yanzu kuwa tela da makanike da mai bin bashi da wanda ake bi duk sun san cewa wani "in sha Allahu" ɗin ma'anarsa "kada ka sa rai". Wanda ya san ba zai ɗinka rigar kafin salla ba, ya faɗi haka tun ranar da aka kawo yadin, ya fi masa mutunci da ya jingina saɓa alkawarinsa ga nufin Allah. Ƙannenta su ne "ga ni nan tafe" daga bakin wanda bai fito wanka ba, da "ina zuwa" daga bakin wanda ba za a sake ganinsa ba sai gobe.

Mene ne aibin a ce "tsohona" ko "tsohuwata"? Matasa suna cewa ƙauna ce.

Na yarda da yawansu ba raini suke nufi ba. Amma Bahaushe ya gina wa iyaye kalmomi masu kunya tun fil azal: Baba, Inna, "mahaifina", "mahaifiyata", kuma idan ana zancensu a gaban baƙo akan ce "su Baba", a jam'i, ko da mutum ɗaya ake nufi, domin girmamawa. A gidan da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama sunan mijinta sai dai ta ce Malam ko Maigida, bai dace a ji yaro ya tsaya a fada yana cewa "tsohon ya hana ni babur" ba. Kalmar ta ɗauke uba daga matsayin wanda ake jin nauyinsa ta mayar da shi wani mutum mai yawan shekaru da ke tare hanya.

Akwai wata asarar da ba a cika lura da ita ba, wato yadda "tonton" da "tanti" suke cinye kalmomin dangi. Hausa ta bambanta Kawu, ɗan'uwan uwa, da Baffa, ɗan'uwan uba, ta bambanta Gwaggo, ƴar'uwar uba, da Inna, ƴar'uwar uwa. Wannan bambancin yana da aiki, domin shi ke gaya wa yaro wanda zai tsaya masa a matsayin uba ranar neman aure, da wanda zai kai wa kuka idan gida ya yi masa zafi, da kuma ƴaƴan wa ne taubasansa da zai yi wasa da su. Yaron da ya tashi yana kiran kowa "tonton", tun daga ƙanen ubansa har mai gadin layi, zai girma bai san taswirar danginsa ba.

Me ya sa wasu suke jin haushi idan an kira kowa da kowa Alhaji?

A Maraɗi wannan kalmar tana da tarihi mai nauyi. Kakanninmu sun yi hajji da ƙafa ta ƙasar Cadi da Sudan, wasu suka yi shekaru kafin su dawo, wasu ba su dawo ba. Daga baya sunan Alhazan Maraɗi ya zama laƙabin manyan fataken da suka gina arzikin garin da gyaɗa da cinikin kan iyaka. Yau ɗan kabu-kabu yana kiran duk mai babbar riga Alhaji domin ya samu ƙarin ɗari, mai talla yana kiran yarinya ƴar shekara goma sha biyar Hajiya domin ta saya. Haka "Malam" ya koma abin kiran wanda ba a san sunansa ba, kodayake wannan ya fi sauƙi, tun da ya daɗe da zama kiran ladabi ga kowane namiji. Sai kuma "oga" da ya hayo daga Najeriya da "patron" da "shef" da suka fito daga ofis, waɗanda galibi share fagen roƙo ne. Mutane sun gane haka, shi ya sa da yawa idan aka ɗaga musu laƙabi fiye da ƙima sai su dafe aljihu.

"Mugun kyau" da "bala'in daɗi" kuskure ne?

A nahawu ba kuskure ba ne, kuma Hausa ta daɗe tana ƙarfafa magana ta wannan hanyar. Damuwar ita ce sun kori sauran. Muna da "fari fat", "baƙi ƙirin", "ja wur", "sanyi ƙalau", "cike maƙil", "sabo fil", kowane abu da kalmar da ta dace da shi, amma yanzu tuwo da mota da amarya duk "sun haɗu" ko suna da "masifar kyau". Dattawa kuma suna da wani dalilin: ba sa son a kira bala'i da masifa a kan abin alheri, musamman a kan jariri ko sabon aure, inda ake son a ji "tubarkalla".

Gaisuwa mai tsawo ba ɓata lokaci ba ce? Me ya sa ake ganin laifin "ya ne" da gajerun saƙonnin waya?

Gaisuwar Bahaushe bincike ne cikin ladabi. Idan aka ce ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ya ruwa, ya sanyi, amsar kusan kullum "lahiya lau" ce, amma mai tambaya yana sauraron muryar, yana kallon fuskar, kuma a tambaya ta huɗu ko ta biyar ne wanda ke cikin damuwa yakan ce "sai dai mai ɗakina ba ta ji daɗi ba". "Ya ne" da "normal" ba su bar wannan ƙofar a buɗe ba. Tsakanin sa'anni biyu da suka haɗu sau biyar a wuni babu laifi, amma saurayi ya wuce dattijo a ƙofar masallaci ya ɗaga masa hannu daga kan babur ya ce "ya ne, Baba", wannan ba a taɓa saninsa ba.

Gajarta rubutu kuwa tana da asalin da za a fahimta. A lokacin da saƙon waya yake da iyakar haruffa 160 kuma kowane saƙo da kuɗinsa, dole mutum ya tsuke. WhatsApp ya ɗauke wannan dalilin, amma "slm", "ykk", "lfy" da "ngd" suka zauna. Lokacin da aka yi mana rasuwa a gida, wani ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai ya aiko mini da saƙo wanda gaba ɗayansa haruffa kaɗan ne, sallama a guntule, addu'ar ma a guntule, har sunan Allah bai cika ba. Na san yaron yana ƙaunar mamaciyar, na san ya yi kuka, amma na daɗe ina kallon saƙon ina jin kamar an miƙo mini ruwa a murfin kwalba. Da ya dawo hutu na zaunar da shi na ce: "Ɗana, ta'aziyya ba a yi mata rowa." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Baffa, ban san ya yi zafi ba." Tun daga nan kira yake yi. Aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta, kuma haruffa uku ba su kai ko irinta ba.

Wani abin da ke tafiya tare da wannan shi ne watsi da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. "Baki" ba "baƙi" ba ne, "kafa" ba "ƙafa" ba ce, "bari" ba "ɓari" ba ne. Taron masana da aka yi a Yamai a 1980 ya daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, kuma wayoyin yau suna da allon rubutu na Hausa ga wanda ya nema.

Abokai suna zagin juna cikin raha. Wannan ba irin wasan da muka gada ba ne?

Ba shi ba ne. Wasan barkwanci da muka gada yana da ƙa'ida: an san wa ke wasa da wa, kamar Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, ko taubasai, ko jika da kaka, kuma an san inda ake tsayawa. Manufarsa kashe wutar faɗa, shi ya sa hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bagobiri zai ce wa Bazabarme bawansa ne, a yi dariya a sha shayi, amma ba zai ambaci uwarsa ba. Abin da ake ji yanzu a bakin wasu fadoji, inda "shege" da "ɗan iska" suka zama marhabin, ashar da iyaye kuma ya zama alamar shaƙuwa, ba shi da wannan shingen. Yara ƙanana da aka aika sayen sukari suna tsaye suna ji, kuma washegari za su gwada shi a kan wanda ba abokinsu ba. Faɗa nawa ne aka raba a unguwa wanda farkonsa wasa ne, har ranar da ɗaya ya zo da ɓacin rai daga gida ya ji an ambaci mahaifiyarsa?

Me ke damun mutane da "wai" da "an ce"?

Su ne takalman da ji-ta-ji-ta take sawa. Saƙon murya ya zo ba a san mai shi ba, ya ce wai za a rufe iyakar Ɗan Isa, ko wai an ga ɓarayin yara a unguwa kaza, mutum ya tura wa ƙungiyoyi goma, idan aka tambaye shi ya ce "ni ma haka na gani". A jihar da ke fama da matsalar tsaro a yankunan iyaka, kuma farashin hatsi yake motsi da labari, wannan ɗabi'ar tana iya tayar da kasuwa ko ta sa a far wa baƙo marar laifi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi.

Shin "munka", "shina" da "tahi" su ma suna cikin abin da ya kamata a daina?

A'a, kuma wannan tambayar ce ta fi sosa mini rai, domin daga bakin ƴaƴanmu take fitowa. "Munka zo", "anka yi", "shina nan", "mi kake so", "wanga gida", "ɗiyan makwabta", duk Hausa ce tsantsa, karin harshen Katsinawa da Gobirawa, wanda ya girmi duk wani littafin nahawu. Sarautar Katsina ta Haɓe ta kafu a Maraɗi ne bayan da masu jihadi suka karɓi birnin Katsina a 1807, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da mu, kowa da bakinsa ya zo. Daidaitacciyar Hausa da ake rubutu da ita, irin wadda nake amfani da ita a nan, an gina ta ne galibi kan karin Kano domin a samu hanya ɗaya ta rubutu da bugu. Zaɓi ne na aiki, ba hukunci ba ne cewa sauran kare-karen gurɓatattu ne.

Abin takaici shi ne yadda finafinan Kano da gajerun bidiyoyin TikTok suka sa wasu matasanmu suke jin kunyar bakin gidansu. Yarinya ta tashi a Bagalam ko Mokoyo, amma idan ta ɗauki waya sai ta murɗe harshe ta koma Bakanuwa, har ta yi wa ƙanwarta dariya don ta ce "lahiya". Ban ƙi mutum ya iya Kananci ba, yana da amfani ga mai fatauci da mai karatu, kamar yadda iya ƙirga naira yake da amfani ga wanda ya saba da dala da jika. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki na gida a matsayin ƙauyanci. Cikin duk ɗabi'un da aka lissafa a nan, da za a ba ni zaɓin guda ɗaya da za ta ɓace, wannan kunyar zan zaɓa, domin wanda ya raina bakin uwarsa shi ne yake buɗe ƙofa ga kowane tarkace ya shigo.

Laifin matasa ne kaɗai?

Ko kusa. Yaro bai ƙirƙiri "wallahi" a kan farashi ba, a rumfar ubansa ya ji. Bai ƙirƙiri ashar ba, a tsakar gida ya ji ana yi masa shi tun yana rarrafe. "Bon" da "donk" kuwa daga bakin malamansa da ma'aikata da masu jawabi a rediyo ya ɗauka. Akwai ma ɗabi'un da suka fi yawa a wurin manya, kamar katse mai magana da "ka gane ko" kafin ya buɗe baki, da doguwar shimfiɗa a wurin taro wadda mai jawabi zai gaida kowane mai muƙami da sunansa har lokaci ya ƙare bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Yawancin sara irin ta matasa kuma ba ta daɗewa, wadda aka yi yayi shekara biyar da suka wuce yau ba mai tunawa da ita. Waɗanda suke zama su ne waɗanda manya suka ɗaure wa gindi.

Yaya za a gyara wa mutum ba tare da an kunyata shi ba?

Ba a gaban abokansa ba, kuma ba da dariya ba. Wanda aka yi wa gyara a bainar jama'a yakan riƙe kuskuren don kare mutuncinsa. Hanyar da na ga tana aiki ita ce wadda iyayenmu mata suke bi: idan yaro ya ce "ya ne", sai a amsa masa da cikakkiyar gaisuwa, a tambaye shi kwana da gajiya da karatu ɗaya bayan ɗaya, har ya ga babu mafita sai ya mayar. Idan ya rantse a kan ƙaramin abu, a ce masa a hankali: "Na yarda da kai ko ba ka rantse ba." Idan ma'aikaci ya yi bayani da rabin Faransanci, a roƙe shi cikin ladabi ya maimaita da Hausa saboda wanda ke kusa, domin galibi akwai wani a layin da yake son tambaya amma nauyi ya hana shi.

A gidana mun yi wata yarjejeniya da yara a watan azumin bara, cewa duk wanda ya rantse ba dalili, babba ko yaro, zai jefa dala biyar a wani gwangwani da ke kan taga, a ba almajirai ranar salla. Makon farko gwangwanin ya yi nauyi, kuma ba kuɗin yara kaɗai ne a ciki ba. A goman ƙarshe sai da aka kwana huɗu ba a ji ƙarar ko ƙwandala ɗaya ba, kuma ƙaramar ɗiyata ce take tsaron gwangwanin har yau.